Kundin Ella Fitzgerald na Waƙoƙin Cole Porter: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya fara bin tsofaffin waƙoƙin Amurka, ko ba daɗe ko ba jima sai an ce masa ya nemi wannan kundi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda sababbin masu sauraro suka fi maimaitawa, daga masu sauƙi zuwa masu zurfi.

Wane kundi ne wannan, kuma yaushe ya fito?

Sunansa Ella Fitzgerald Sings the Cole Porter Song Book. An ɗauke shi a birnin Los Angeles a watannin Fabrairu da Maris na 1956, ya fito a wannan shekarar a ƙarƙashin kamfanin Verve. Waƙoƙi 32 ne a kan manyan faifai biyu, takwas a kowane gefe, tsawonsu duka ya kusa awa biyu. Waƙoƙin marubuci ɗaya ne, wato Cole Porter, kuma mace ɗaya ce ta rera su daga farko har ƙarshe.

Wace ce Ella Fitzgerald?

An haife ta ranar 25 ga Afrilu, 1917, a Newport News ta jihar Virginia, ta tashi a Yonkers kusa da New York. Ƙuruciyarta ba ta zo da daɗi ba. Mahaifiyarta ta rasu a 1932, aka kai ta gidan horon yara, daga baya ta yi zaman da ba ta da takamaiman wurin kwana. A Nuwamban 1934 ta hau dandalin Apollo da ke unguwar Harlem a daren gasar 'yan koyo. Da niyyar rawa ta je, amma da ta ga waɗanda suka yi rawa kafin ta, sai ta sauya shawara ta yi waƙa, ta kuma lashe gasar.

Shekarar da ta biyo baya ta shiga ƙungiyar makaɗan Chick Webb. Da Webb ya rasu a 1939, ita ta ci gaba da jan ragamar ƙungiyar na 'yan shekaru. Saboda haka lokacin da ta shiga sutudiyo don wannan kundi tana da shekara 38, ta shafe shekara ashirin tana sana'ar. Ta rasu ranar 15 ga Yuni, 1996, bayan doguwar jinyar ciwon suga.

Waɗanne irin waƙoƙi ne a ciki?

Yawancinsu an rubuta su ne don wasannin daɓe na Broadway, wato unguwar gidajen wasan kwaikwayo ta New York, inda ake wasa mai haɗe da waƙa da rawa a gaban 'yan kallo. Wasu kuma don finafinan Hollywood aka yi su. “Night and Day” ta fito a wani wasa na 1932, “Begin the Beguine” da “Just One of Those Things” a wasan Jubilee na 1935, “So in Love” da “Too Darn Hot” a Kiss Me, Kate na 1948, “I Love Paris” kuwa a Can-Can na 1953.

Wasan yakan ƙare a rufe labule, mutane su mance labarinsa, amma waƙa ɗaya ko biyu su tsira, mawaƙa su yi ta ɗaukarsu kowa da salonsa. In waƙa ta kai wannan matsayi, ta zama ta gado: duk makaɗin jaz, wato salon kiɗan da ya samo asali daga baƙaƙen fatar Amurka, ana sa ran ya san ta da ka, ko da an tashe shi daga barci. A cikin waɗannan na gado akwai masu sauri na rawa, akwai kuma masu sanyi, waɗanda ake ja a hankali, galibi kan soyayya, kewa ko rabuwa. Kundin ya cakuɗa duka biyun, kuma a masu sanyin ne ya fi nuna ƙarfinsa.

To, in ba ita ta rubuta ko ɗaya ba, yabon na mene ne?

Wannan tambaya ta fi fitowa daga wajenmu, kuma da dalili. Mun saba da mawaƙi irin Mamman Shata, wanda shi ke ƙirƙirar waƙarsa, shi ke rera ta, wani lokaci ma nan take a gaban jama'a. A wancan tsarin na Amurka aikin a rabe yake. Wani ya rubuta kari da baitoci, wani ya tsara wa makaɗa abin da kowa zai busa ko ya kaɗa, sannan mai murya ta zo ta rera. Wanda ya taso da finafinan Indiya ya riga ya san irin wannan rabon: ba Lata Mangeshkar ke rubuta yawancin abin da take rerawa ba, amma ba wanda ya taɓa cewa ba ta yi komai ba.

Aikin mai rerawa a nan shi ne yanke hukunci a kan kowane layi. Ina za ta ja numfashi, wace kalma za ta danna, wace za ta bari ta wuce, za ta riga kiɗa ne ko za ta ɗan bar shi ya yi gaba sannan ta cim masa. Waƙa ɗaya a bakin mata uku takan koma waƙa uku. Abin da Ella ta zaɓa a wannan kundi shi ne ta tsaya bayan waƙar, ta bar karin yadda Porter ya rubuta shi, ta fitar da kowane harafi tsaf. Ni a ganina wannan shi ne sirrin kundin gaba ɗaya, kuma shi ne abin da ake zarginta da shi, kamar yadda za a gani a amsar da ta shafi mawaƙiya Billie Holiday.

Wane ne Cole Porter?

An haife shi a 1891 a wani ƙaramin gari mai suna Peru a jihar Indiana, a gidan masu hannu da shuni. Ya yi karatu a jami'ar Yale, ya zauna shekaru a Faransa. Abin da ya bambanta shi da yawancin takwarorinsa shi ne shi kaɗai ke rubuta kari da baitoci, alhali sauran sukan yi aiki bibbiyu. An san shi da wasa da kalmomi da jero ƙafiya a inda ba a zata ba. A 1937 doki ya faɗi da shi ya murƙushe masa ƙafafu, ya rayu cikin ciwo da tiyata iri-iri, har aka yanke masa ƙafa ɗaya a 1958. Ya rasu a 1964. Da yawa daga waƙoƙin raha da ke cikin kundin, kamar “Too Darn Hot”, bayan wannan haɗarin ya rubuta su.

Ta yaya aka yi kundin ya samu?

Sai an ambaci Norman Granz. Shi ne manajanta, kuma shi ke shirya jerin wasannin Jazz at the Philharmonic da take zagayawa da su. Ella ta daɗe a kamfanin Decca, inda aka fi ba ta waƙoƙin yayi da na barkwanci masu saurin sayuwa. Granz yana ganin ana ɓarnar murya. Dama ta samu lokacin da Decca ke son fitar da faifan kiɗan wani fim a kan rayuwar makaɗi Benny Goodman, alhali wasu daga makaɗan da suka yi kiɗan suna ƙarƙashin kwantiragin Granz. Ya ce zai sake su in an sakar masa Ella. Aka yi musayar, ya kafa Verve a 1956, wannan ya zama kundinta na farko a can.

Ba wai ba ta taɓa irin wannan aikin ba. A 1950 ta yi ɗan ƙaramin faifai na waƙoƙin marubuta George da Ira Gershwin, ita da mai fiyano Ellis Larkins kaɗai. Wanda ya ji shi zai gane abin da Granz ya hango.

Me ya sa ake ɗaukar faifai biyu a matsayin babban abu?

Tsohon faifan garmaho, mai juyi 78 a minti, abin da yake ɗauka bai wuce minti uku da 'yan kai a kowane gefe ba. Sai a 1948 kamfanin Columbia ya fito da dogon faifai mai ɗaukar sama da minti ashirin a gefe ɗaya. Nan ne aka fara tunanin kundi a matsayin aiki guda mai farko da ƙarshe, ba tarin waƙoƙin da aka kwaso daga nan da can ba. Ware faifai biyu cur don marubuci ɗaya na waƙoƙin wasan daɓe, kamar yadda ake yi wa manyan mawallafan kiɗan gargajiyar Turai, magana ce babba a lokacin. Ku tuna kuma 1956 ita ce shekarar da Elvis Presley ya mamaye rediyo, matasa suna juya wa irin waɗannan waƙoƙi baya. Duk da haka kundin ya sayu ƙwarai, ya tsayar da Verve da ƙafafunsa.

Waƙoƙi 32 sun yi yawa. Da wacce zan fara?

Fara da “Miss Otis Regrets”. Babu ayarin makaɗa a cikinta, fiyanon Paul Smith ne kawai da murya. Labarin shi ne wani mai aikin gida yana ba wata baƙuwa haƙuri cikin ladabi cewa uwar ɗakinsa ba za ta samu zuwa cin abincin rana ba. A hankali dalilin ke fitowa: wani ya yaudare ta, ta harbe shi, gungun mutane suka jawo ta daga kurkuku suka rataye ta. Ella ba ta ɗaga murya ko sau ɗaya ba. Tana faɗar ratayewar da irin natsuwar da ta faɗi zancen abincin, kuma wannan natsuwar ce ke sa tsigar jiki ta tashi. Da ta yi kuka a ciki, da ta kashe waƙar.

Daga nan ka wuce “Ev'ry Time We Say Goodbye”, wadda Porter ya rubuta a 1944, lokacin da yaƙi ke raba masoya. Kusan ƙarshenta baitin yana zancen yadda sautin kiɗa ke juyawa daga mai haske zuwa mai duhu, kuma daidai wannan gaɓar kiɗan da kansa ke yin juyin. Ka sa kunne a nan, za ka ji yadda take sassauta murya ta ba juyin hanya. Sai “In the Still of the Night” da “I Concentrate on You” in kana son ƙarin masu sanyi. In kuma ranka na son motsi, “Too Darn Hot” da “It's All Right with Me” suna nan.

Kada ka tilasta wa kanka jin duka a zama ɗaya. Takwas-takwas aka tsara su, gefe ɗaya a lokaci guda.

Turancina ba shi da ƙarfi. Zan amfana?

Ƙwarai kuwa. Da wuya a samu mawaƙiyar da ke furta Turanci a fili kamar Ella, har masu koyon harshen kan ji kalmominta fiye da na mawaƙan yau. Abin da zai iya kuɓuce maka shi ne waƙoƙin jero sunaye, irin “You're the Top” da “Anything Goes”, waɗanda ke cike da sunayen mutane da kayayyakin da aka sani a Amurkar 1934. Ko Amurkawan yau ba duka suke ganewa ba.

Akwai kuma abin da kunne ke kamawa ba tare da harshe ba. Yawancin waƙoƙin wannan zamani gininsu ɗaya ne: kari ya zo, a maimaita shi, a kawo wani daban a tsakiya, sannan a koma na farko. In ka riƙe wannan, za ka fara jin inda Porter ya karya ƙa'idar. “Begin the Beguine” ta ninka tsawon da aka saba fiye da sau uku, tana ta hawa ba ta komowa inda kake jira, kuma Ella na bin ta ba tare da numfashinta ya yanke ba.

Wasu na cewa Billie Holiday ta fi ta taɓa zuciya. Haka ne?

Tsohuwar muhawara ce. Masu wannan ra'ayi suna cewa muryar Ella ta cika tsabta da fara'a, kamar wadda ba ta san ciwon da take rerawa ba, alhali Billie Holiday, musamman a kundinta Lady in Satin na 1958, shekara guda kafin rasuwarta, kowane layi da rauni yake fita. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A “Love for Sale”, wadda aka sa a bakin mace mai zaman kanta, Ella ta rera ta da kyau, amma ɗacin da ke cikin baitocin bai fito duka ba.

Sai dai ban yarda cewa ba ta san wahala ba. Duba amsar da ke kan tarihinta. Zaɓi ta yi. Billie Holiday takan mai da kowace waƙa labarin kanta, Ella kuwa takan miƙa maka waƙar ta ja gefe, ta bar ka ka zuba naka baƙin cikin a ciki. Shi ya sa mawaƙa masu tasowa ke zuwa wajenta don su koyi yadda waƙar take tun asali. Mai sauraro ba dole ne ya zaɓi ɗaya ya bar ɗaya ba, amma in ana zancen kundin da aka yi don girmama marubuci, hanyar Ella ce ta dace da aikin.

Jaz ne wannan ko ba jaz ba?

Yana tsakani. An san Ella da wani salo na rera sautuka marasa ma'ana cikin sauri, tana gasa da masu busa kamar ita ma kayan busa ce. Wannan salon kusan babu shi a nan, da gangan. Amma yadda take tafiya da kiɗa, tana lanƙwasa lokaci ba tare da ta ɓata shi ba, na jaz ne tsantsa, kuma cikin makaɗan akwai manyan 'yan jaz irin mai jita Barney Kessel da mai busa Harry Edison. Wanda ke neman Ella mai wuta ya nemi faifan wasanta na Berlin na 1960.

Wa ya tsara kiɗan, kuma me ya sa ake sukarsa?

Buddy Bregman ne, yana ɗan shekara 25 a lokacin. Masu suka na cewa tsarinsa bai da zurfi, wani wuri masu busa su yi kururuwa ba dalili, wani wuri gogen Turawa ya yi zaƙi fiye da kima. In aka gwada shi da abin da Nelson Riddle ya yi mata a kundin Gershwin na 1959, bambancin a fili yake. Amma Bregman ya yi abu ɗaya daidai: bai tare mata hanya ba, kuma ya san inda ya kamata makaɗa su yi shiru, kamar a waƙar da aka ba da shawarar farawa da ita a sama.

Za a iya kunna shi a gaban yara da iyali?

Babu ashar ko kalmar batsa a fili. Amma Porter gwanin habaici ne. “Let's Do It” da “Always True to You in My Fashion” suna da ma'ana biyu, “I Get a Kick Out of You” tana ambaton giya, “Love for Sale” kuwa tun fitowarta a 1930 gidajen rediyon Amurka suka ƙi sa baitocinta. Mai son kauce wa waɗannan zai iya tsallake su, sauran sun ishe shi.

Ina zancen launin fata ya shigo?

Ba a raba kundin da zamaninsa. A 1956 wariyar launin fata doka ce a jihohin kudu na ƙasar Amurka. Watanni kaɗan kafin a ɗauki kundin, a Oktoban 1955, 'yan sanda sun kutsa ɗakin shirin mawaƙa a birnin Houston suka kama Ella tare da makaɗa Dizzy Gillespie da Illinois Jacquet bisa zargin caca, a wani wasa da Granz ya dage sai baƙi da farare sun zauna wuri ɗaya. Granz ya bi shari'ar har aka janye tuhumar.

Sai ga wannan baƙar mace, wadda ta taso cikin talauci, ta zama muryar da duniya ke jin waƙoƙin manyan gidajen wasa na New York da ita, waƙoƙin da yawancinsu fararen 'yan wasa aka rubuta wa. Kundin ya buɗe mata manyan otal-otal da zaurukan da a da ba sa gayyatar mawaƙan jaz baƙar fata. Ba ta yi jawabi a kai ba, aikin ne ya yi magana.

Cole Porter ya ji kundin? Ya samu lambar yabo?

Ya ji. Granz ya kai masa ya kunna, kuma abin da aka ruwaito ya yaba shi ne kyawun lafazinta. Ga mutumin da ke kwana kan kalma ɗaya, wannan ba ƙaramin yabo ba ne.

Kundin bai ci Grammy ba, domin sai a 1959 aka fara ba da kyautar. A wancan bikin na farko Ella ta karɓi biyu, ɗaya don kundin Irving Berlin, ɗaya don na Duke Ellington. Daga baya aka sa na Cole Porter a zauren girmamawa na Grammy a 2000, sannan ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya shigar da shi jerin faifan da ake adana wa ƙasa na 2003.

Na ji sautin kamar daga wuri ɗaya yake fitowa. Kwafina ne ya lalace?

A'a. An ɗauke shi kafin sautin hagu da dama ya zama ruwan dare, don haka komai a tsakiya yake. Sababbin bugu sukan ƙara 'yan waƙoƙi a ƙarshe, waɗanda ba sa cikin 32 na asali. Yana nan a Spotify da YouTube da sauransu. In da hali, ka ji shi da abin sawa a kunne ko lasifika mai kyau, domin ƙaramar lasifikar waya na cinye ƙasan muryarta, inda rabin daɗin yake.

Na gama da wannan. Sai wanne?

Kundin shi ne na farko cikin takwas: Rodgers da Hart a 1956, Duke Ellington a 1957, Irving Berlin a 1958, George da Ira Gershwin a 1959, Harold Arlen a 1961, Jerome Kern a 1963, sai Johnny Mercer a 1964. In masu sanyi ne suka kama ka, wuce na Rodgers da Hart, wanda Bregman ɗin ne ya tsara shi. In kiɗan ne ya dame ka, je ka na Gershwin, faifai biyar tare da Nelson Riddle. Na Ellington shi ya fi kusa da jaz, domin Ellington da ƙungiyarsa ne suka kaɗa mata a babban ɓangarensa.

Matan da suka biyo baya sun bi wannan sawu. Linda Ronstadt ta bar kiɗan rok na ɗan lokaci ta yi What's New tare da Riddle a 1983, Barbra Streisand ta fitar da The Broadway Album a 1985, Natalie Cole ta rera waƙoƙin da mahaifinta ya shahara da su a 1991, Lady Gaga kuma ta yi kundin waƙoƙin Cole Porter tare da Tony Bennett a 2021. Wannan na ƙarshe yana da waƙoƙi da dama da ke cikin na Ella, kamar “Night and Day” da “I Concentrate on You”, don haka shi ya fi sauƙin jerawa gefe da gefe ga mai son gwada yadda mata biyu suka ɗauki layi ɗaya.